Jego a Yorkshire, da tsofaffin da ke buga karta babu caca

A farkon Nuwamban 2024 na tashi daga Kano zuwa Ingila. 'Yata ce ta haihu, kuma babu wata babba kusa da ita da za ta kama mata. Ita da mijinta duk a asibiti suke aiki a Leeds, amma gidansu yana wani ƙaramin gari a kwarin kogin Wharfe, arewa da birnin. Bizar wata shida fam 115 ce a lokacin, fam ɗaya kuwa ta haura naira 2,000. Kuɗin jirgi surukina ne ya biya, ban ma tambaya ba don kada jinina ya hau.

Tun kan kaya aka fara ja-in-ja. Na haɗa kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yajin jego, kanwa da garin gero, na kuma sa an kawo kilishi da man shanu. Sai yarinyar ta bugo waya ta ce, "Umma, don Allah ki cire kilishin da man shanun. Ba a shigowa ƙasar nan da nama ko abin madara daga wajenmu." Ina ji ina gani na raba wa maƙwabta. Daddawar kuwa duk ɗaurin da na yi mata, jami'ar da ta buɗe akwatina a filin jirgin Kano tana shaƙa ta ce, "Hajiya, jego za a je ke nan? Allah ya raya."

Ta Alƙahira muka bi, babu abin faɗa ban da zaman jira da sanyin na'ura. A Heathrow masu fasfo irin namu layinsu daban, doguwar tsayuwa ce, amma tambayoyin kaɗan ne: wa kika zo gani, ina za ki sauka, yaushe za ki koma. Na nuna tikitin komawa, aka ce in wuce. Surukina yana jira da jibgegiyar rigar sanyi a hannu. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly, kusan awa guda zuwa King's Cross, daga nan jirgin ƙasa zuwa Leeds, awa biyu da 'yan kai, ta Doncaster da Wakefield. Ƙarfe huɗu da rabi duhu ya rufe gari. Da daddare kuma sai ga ƙarar fashe-fashe ta ko'ina, gabana ya faɗi, na fito falo ina salati. Ashe daren 5 ga Nuwamba ne, da suke wasan wuta don tunawa da yunƙurin Guy Fawkes na tarwatsa majalisar dokokinsu a 1605. Surukina ya ce, "Mama, ki kwanta, tartsatsin wuta ne kawai." Wanda ya zauna a Kano a shekarun 2012 zuwa 2014 ya san ba da wasa ake ce masa ya kwanta ba.

Labarin jego ba shi na zo bayarwa ba. An yi wanka da ruwan zafi babu ganyen darbejiya, an sha kunun kanwa, mai gida ya ga takardar kuɗin gas ya yi shiru.

Maƙwabciyarsu wata tsohuwa ce da ta haura shekara 80, mijinta ya rasu, 'ya'yanta ɗaya na Ostireliya ɗaya na Landan. Ita ta fara shigowa barka, da 'yar hular sanyi da ta saƙa wa jariri. Da hira ta yi hira muka gano aikinmu ɗaya: ni na koyar da lissafi a sakandare har na yi ritaya, ita ma koyarwa ta yi. Ta ce in ana buƙatarta a ƙwanƙwasa mata ƙofa kowace rana, ban da Talata da rana da Alhamis da dare, don tana zuwa buga birij. Na ce mene ne haka? Ta ce karta. Fuskata ta nuna abin da ke raina, domin a wajenmu in an ce karta sai a tuna bayan tasha da 'yan caca. Ta yi dariya ta ce malamar lissafi ba za ta yanke hukunci ba ta ga aiki ba, in zo in kalla.

Ranar Talata na yi azahar muka fita a motarta. Ita ke tuƙi, kuma ba ta wasa da giya. A can in mutum ya kai 70 sai ya riƙa sabunta lasisinsa duk shekara uku. Ƙungiyar ba ta da ginin kanta, zauren taro na unguwa suke haya. A bakin ƙofa kowa ya ajiye fam 3 na tebur, wanda ya haɗa da shayi da biskit. Ni 'yar kallo ba a karɓi komai daga gare ni ba. Tebura goma sha ɗaya na ƙirga, kowanne da koren mayafi da mutum huɗu, galibi masu furfura, mata sun fi yawa. Ana ta surutu da gaisawa, ana tambayar ƙafa da ido da jika. Ƙarfe ɗaya daidai wani dattijo da suke kira darakta ya ɗaga murya, sai wurin ya yi tsit. Mutum sama da arba'in a ɗaki guda, ba ka jin komai sai motsin kati da tari.

Ga yadda wasan yake, gwargwadon abin da na fahimta a zaman da na yi. Karta ce ta kati 52 da suka kasu launi huɗu, wato alama iri huɗu, kowa ya sami 13, a kowane zagaye kowa ya jefa ɗaya, mafi ƙarfi ya ci. Mutum huɗun biyu-biyu suke, abokin wasanka yana fuskantarka, kuma kujerun suna da suna: Arewa, Kudu, Gabas, Yamma. Arewa da Kudu su ne abokan juna, ci ɗaya faɗuwa ɗaya. Na ce a raina, Allah ya nuna mana. Kafin a jefa kati ko ɗaya sai an yi ciniki, kowane ɓangare yana tayawa: mu za mu ci zagaye kaza cikin 13, da sharaɗin launi kaza ne zai yi rinjaye, ko kuma babu mai rinjaye. Tayin daga 1 yake zuwa 7, amma a kan shida ake ɗorawa, wato wanda ya ce 1 ya ɗauki alkawarin zagaye 7, wanda ya ce 7 ya ce duka 13 nasa ne. Wanda tayinsa ya fi shi zai cika alkawari, ɗaya ɓangaren kuma su yi ƙoƙarin karya shi. Abokin mai alkawarin sai ya shimfiɗa katunansa a fili kowa ya gani, ya naɗe hannu, ba shi da ta cewa sai abin da aka umarce shi ya jefa.

Wurin da ya kama ni shi ne cinikin. Ba da baki ake yi ba. Kowa yana da 'yar akwati a gefensa cike da katunan tayi, sai ya zaro ya ajiye, koren kati kuma yana nufin na wuce. Da waɗannan 'yan tayin kaɗai za ka sanar da abokinka abin da ke hannunka. Suna auna ƙarfin hannu da maki: as 4, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, jimilla 40 a karta. In ku biyu kun haɗa kusan 25, ya kamata ku nemi babban alkawari mai lada. Tsarin da yawancinsu ke bi sunansa Acol, sunan wani titi ne a Landan inda aka ƙirƙiro shi a shekarun 1930. Kuma babu yaren sirri. Duk abin da tayinka ke nufi tsakaninka da abokinka, abokan hamayya suna da haƙƙin sani. Kowa yana da takardar da ya rubuta yarjejeniyarsa a kai, in an tambaya dole a yi bayani. Na ji maƙwabciyata ta ajiye wani tayi, nan take abokinta ya ce da ƙarfi, "Sha biyu zuwa sha huɗu," yana faɗa wa waɗanda suke son kayar da su ƙarfin hannunta.

Na tambayi inda sa'a take, tunda karta ce. Nan aka nuna mini dabarar da ta raba wannan da abin da na sani. Ba a cakuɗa katunan bayan an gama. Kowa yana ajiye nasa a gabansa, in an ƙare ya mayar da su aljihunsu a wani faifan roba mai aljihu huɗu, faifan ya wuce tebur na gaba. Haka rabon nan ɗaya zai zaga ɗakin, kowane tebur ya buga shi. Saboda haka ba a tambayar ko ka sami katuna masu kyau. Ana tambayar me ka yi da su idan aka gwada da sauran da suka riƙe irinsu sak. Mai mummunan hannu yana iya zama na ɗaya idan faɗuwarsa ta fi ta kowa sauƙi. Na'ura ce ke raba katunan tun kafin a zo. A kowane tebur akwai wata 'yar na'urar kuma mai kama da tsohuwar wayar hannu, Arewa ya shigar da sakamako, Gabas ya tabbatar. Rabo 24 suka buga cikin awa uku da 'yan mintoci, kafin mu isa gida sakamako ya hau intanet: kashi 50 cikin ɗari tsaka-tsaki ne, wanda ya haura 60 yakan yi na ɗaya ko kusa. Abin da ake ci kuwa maki ne da hukumar wasan ta Ingila ke tara wa kowa. Ko kwabo babu wanda ya tafi da shi gida.

Rigima ma akwai, amma da ladabi mai yanka. Wata mata ta ɗan daɗe tana tunani kafin ta ajiye koren kati, sai abokinta ya yi tayi mai ƙarfi. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Darakta, don Allah." Ƙorafinsa shi ne jinkirin nan ya faɗa wa abokin cewa tana da wani abu, kuma doka ta hana amfani da irin wannan labari. Darakta ya zo da littafin dokoki, ya tambayi kowa ko an yarda an yi jinkiri, ya ce a ci gaba, zai duba daga baya. Matar ta yi jawur. A wajen shayi na ga shi dattijon ne ya miƙa mata kofi.

A hutun shayin na yi la'asar a ɗakin da suke tara kujeru. A wannan watan salloli a matse suke, magariba ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, sai da na yi ta a can ita ma kafin mu tafi. Alƙibla kudu maso gabas take, da waya na gano ta. Daga ranar, duk Talata sai in tarar an share mini kusurwar ɗakin an kunna abin ɗumama, babu wanda ya ce mini shi ya yi.

Ma'ajin ƙungiyar mutum ne mai son labari. Da ya ji ta Alƙahira na biyo sai ya kawo zancen Omar Sharif, ɗan fim ɗin Masar da ya rasu a 2015, wanda ya shahara a birij kusan kamar yadda ya shahara a fim. Ya ce tsarin ƙirga makin da ake bi yanzu wani attajirin Amurka ne, Harold Vanderbilt, ya tsara shi a cikin jirgin ruwa a 1925. Daga nan ya shiga ƙorafin da na lura ya saba yi. Hukumarsu ta Ingila, wadda aka kafa a 1936 kuma ofishinta ke Aylesbury, ta je kotu tana neman a ɗauki birij cikin wasanni irin su ƙwallo, ta faɗi a 2015. A 2017 kotun Tarayyar Turai ma ta ce ba ya cikinsu ta fuskar haraji, don babu motsa jiki. Amma a 2019 aka dakatar da Geir Helgemo, ɗan Norway da ke matsayin na ɗaya a duniya, shekara guda, saboda an sami haramtattun ƙwayoyi a gwajinsa. Ya ce, "Kin gani? Wajen tallafi ba 'yan wasa ba ne mu, wajen gwajin fitsari 'yan wasa ne." Ni kuma na ba shi nawa: na ce a Najeriya kartar da yara da manya suka sani ita ce Whot. Wata tsohuwa ta dafa ƙirji ta ce rabonta da jin sunan tun tana yarinya. Ashe a Ingila aka ƙirƙiro ta, a 1935, su suka manta da ita, mu muka riƙe.

Allon sanarwa na bakin ƙofa shi ne jaridarsu, kuma na fi daɗewa a gabansa fiye da gaban tebur. Sakamakon gasar lardi. Wance tana neman abokin wasa na ranar Alhamis. Darasin sababbin shiga da safiyar Litinin. Jana'izar wane ranar kaza, iyali sun ce a zo. Katin gaisuwa da kowa ke sa hannu, za a kai wa wanda aka yi wa aikin ƙugu. Jerin waɗanda ba sa iya tuƙi da masu ɗauko su. Sakatariyar ta ce a Maris ɗin 2020, da korona ta rufe komai, sun koma bugawa a intanet, jikoki suna koya wa kakanni danna kwamfuta ta waya. Da aka buɗe, wasu sun rasu, wasu sun saba da zaman gida ba su dawo ba.

Wata Talata aka fara wasa da kujera ɗaya babu kowa. Wani dattijo ne bai zo ba, bai kuma kira ba, alhali shi yakan riga kowa ya jera tebura. Abokiyar wasansa ta kira, ba a ɗauka ba. Darakta ya sa wani ya zauna a madadinsa, sakatariya ta ɗauki mukullin mota ta fita. Ashe tana riƙe da mukullin gidansa, kamar yadda take riƙe da na wasu. A ɗakin girki ta same shi ya faɗi tun safe, ya kasa tashi. Ya kwana biyu a asibiti ya fito.

Abin ya tsaya mini a rai. Mukan ce Turawa ba su da zumunci, kuma akwai gaskiya a ciki: na ga tsofaffin da sai a yi mako ba wanda ya taka ƙofarsu. A gida tsoho yana da masallaci, yana da majalisa, tsohuwa tana da biki da suna da jikoki a tsakar gida. To amma wace tsohuwar? Ni a sabuwar unguwa nake, katanga ta fi mutum tsawo, 'ya'ya sun watse, maigadi ne kaɗai zai san ban fito ba. Su waɗannan wasan nasu ba ya yiwuwa sai da huɗu, kuma ba ka zuwa sai da abokin da kuka yi alkawari, saboda haka rashin mutum ɗaya yana ɓata wa mutum uku rana, dole a neme shi. Ban ce ya kai zumunta ba. Amma ya kai a buɗe ƙofar ɗakin girki kafin dare.

A tsakiyar watan aka yi wata gasa da ƙungiyoyi da yawa ke buga rabo iri ɗaya a mako guda, kuɗin ya tafi asusun tallafa wa yara na BBC. Ranar an kawo kek, an kuma zaga da tikitin ƙuri'a, a saya a ci kwalba ko akwatin cakulan. Wannan kam na ce a'a, shi ne cacar da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta hana, ko da sunan taimako ne. Na sa abin da ya sawwaƙa a gwangwanin sadaka. Kartar kanta na san malamanmu da yawa ba sa son ta ko babu kuɗi, saboda cin lokaci da shagala daga salla. Iyakar abin da na taɓa shi ne darasin Litinin, inda ake koya wa sababbi ƙirga maki da katuna a buɗe. Ƙirgar ba ta ba ni wuya ba. Tuna abin da ya riga ya fita daga kowane launi, nan ne na san shekaru sun ja.

Wata Lahadi, bayan dusar ƙanƙarar da ta sauka a mako na uku na watan ta narke, na bi su wasan waje a wani gari ta wajen Harrogate. Mutum takwas ne tawagar, mota biyu. Hanya siririya mai lanƙwasa, katangun dutse da aka jera babu siminti, tumaki masu kauri ko'ina a kan tudu. Babu shinge, babu mai tsayar da kai, kyamara ce ke aikin, tara kuma ta same ka a gida ta gidan waya. Masu masauki su ke ciyarwa, kuma na fahimci ana gasa a nan ma: burodi mai ƙwai, mai cuku, mai naman alade da aka nuna mini da yatsa tun kafin in tambaya, kek kala uku. Na ci na ƙwai da shayi. A irin wannan wasa ba kashi cikin ɗari ake dubawa ba, ana haɗa makinka da na 'yan tawagarku da suka riƙe katunan ɗaya ɓangaren a wani tebur, don haka kuskure babba guda yana iya cinye aikin yini. Haka kuwa aka yi. Maƙwabciyata da abokinta suka yi tayin zagaye 12, suka ci 11. Tun daga wurin ajiye motoci har ƙofar gida ana maganar sarauniya ɗaya da ya nema a hannun da ba ta nan. Shi yana cewa lissafi yana bayansa, ita tana cewa da ya saurari cinikin da ya san inda take. Suka ce in raba gardama a matsayina na malamar lissafi. Na ce ni jego na zo.

Babbar maganar da na bari ana yi ita ce ta zaman Alhamis da dare. Kuɗin hayar zaure ya ƙaru, masu zuwa da dare sun ragu don da yawa ba sa son tuƙi cikin duhu, wasu suna so a soke shi a mayar da shi rana. Masu adawa suka ce ma'aikata da 'yan shekara 50, waɗanda a can su ne yara, da dare kaɗai suke iya zuwa, in an rufe musu ƙofa wa zai gaji teburan? Ni da za a tambaye ni, bayan masu dare nake, ko da maƙwabciyata tana ɗaya ɓangaren.

Bayan arba'in na haɗa kaya, kafin hutun Kirsimeti ya tsauwala kuɗin jirgi. Hanyar da na bi ita na sake bi, na sauka Kano cikin hunturu ana ta rawar ɗari, ni kuwa ina neman fanka. A watan Fabrairu maƙwabciyar ta turo saƙo ta wayar 'yata: an yi taron shekara, an bar zaman dare da rinjayen ƙuri'a kaɗan, kuɗin tebur ya koma fam 3 da rabi, ita ba ta ji daɗi ba kuma ta faɗa musu. Ta ƙara da cewa za a yi wa abokin wasanta aikin ido, tana neman wanda zai zauna mata a Kudu na mako shida.